Tayoyin da Ba Su da Ciki

Shekara arba'in da 'yan kai na yi da Malam, Allah Ya jiƙansa, kuma fiye da rabin shekarun nan akwai mota a ƙofar gidanmu a Nguru. Tsohuwar jip ce, fentinta ya koɗe har ba ka iya cewa fara ce ko ruwan ƙasa. Da ita yake shiga ƙauyukan arewa yana ɗauko gero da wake da kanwa, wani lokaci har da awaki a baya. Ni ban yi boko ba, wannan ma faɗa nake ana rubutawa. Amma duk sallah, duk suna, duk rasuwa a danginsa, ni ce a gefensa cikin motar nan, kuma mutum ba ya shekara ashirin a gefen direba ya kasa sanin abin da taya take so.

Malam yana da yaya mace a ƙauyensu, can gaba da Kumagannam, inda tudun rairayi yake bin tudun rairayi. Ita ta raine shi bayan rasuwar mahaifiyarsu, ita ta karɓe ni ranar da aka kai ni. Yaya nake ce mata. Da tsufa ya zo, idanunta suka tafi. Lokacin da ciwon Malam ya yi tsanani, ta aiko a ce a mayar mata da ƙaninta gida, in ma mutuwa ce ya mutu a inda aka binne cibiyarsa. Ni kuwa kwana tara ke nan ina jinya ba barci. Na dubi ɗan aiken na ce ya gaya mata asibiti yana Nguru, ba a gindin tudu ba, kuma ko an kai mata shi da wane idon za ta gan shi?

Na faɗa. Bakina ne ya faɗa, ba na wani ba. Ɗan aiken kuma bai rage ko kalma ɗaya a hanya ba.

Malam ya rasu bayan kwana huɗu, aka binne shi a Nguru. Yaya ta aiko da gaisuwa ga 'ya'yansa, ba ta aiko mini ba. Na yi takaba na gama, maganar nan ba ta bar raina ba. Sai ran wata Laraba, a tsakiyar bazara, 'yar Yaya ta kira a waya. Ta ce tsohuwa ta daina cin abinci, kuma ta ce a gaya mini in zo mu yafi juna tun da sauran numfashi.

Motar haya ba ta shiga ƙauyen nan sai ranar kasuwa, kuma kasuwar ta ci jiya. Babur kuwa ƙuguna ba zai ɗauka ba, ko zuwa bakin titi ba na iya hawa. Saura motar Malam. Da aka raba gado ta faɗa hannun ɗana na fari, wanda ba na kama sunansa, yana aikin ofis a Gashua. Na sa aka kira shi, ya ce, "Ba komai Inna, ki taho da safe, sai mu wuce." Da asuba na shiga motar haya.

Na sami motar a tsakar gidansa a kan bulo huɗu, ba ƙafa ko ɗaya, kamar akuyar da aka kwantar za a fiɗa. An shafe ta da baƙin fenti, an liƙe gilasanta da baƙar leda, har sai da na zagaya na ga lotsawar da wani sa ya yi mata a ƙofar baya kafin na yarda ita ce. A falo kuwa, a kan kafet, ga wasu ƙarafa huɗu a jere suna walƙiya kamar farantan jeren amarya, kowanne ya kusa kai faifan tuwon biki faɗi. Matarsa tana goge su da tsumma.

"Mene ne wannan?"

"Rim ne, Inna. Daga Kano aka kawo mini."

"Ina ƙafafun motar?"

"Ai su ne waɗannan. Taya kawai za a sa musu. Yanzu yanzu za mu gama."

"Jiya da na kira ka motar tana kan bulo?"

Ya sosa ƙeya. "Ban so in tayar miki da hankali ba ne."

Mutum mai 'ya'ya uku, da furfura a gemu. Na ce ba zan zauna a gida ba, ƙafata ƙafarsa, don na san in na bar shi ya tafi shi kaɗai sai la'asar. Aka loda farantan nan a keke mai ƙafa uku, an naɗe kowanne da bargo kamar jariri, muka tafi shagon taya.

Mai shagon ɗan gidan 'yan kasuwar nan ne da kakanninsu suka zo daga Kano, bakinsa kamar an shafa masa zuma. Yana ganinmu ya taso da kujera a hannu.

"Lale, lale! Yau uwar oga da kanta? Hajiya, zauna nan cikin inuwa. Yau ɗanki zai fita kunya a garin nan."

A bakin shagon akwai benci, da 'yan zaman banza huɗu a kai, irin waɗanda ba su da ko keke amma sun san kowace mota a duniya. Da aka kwance bargunan suka taso suka kewaye ƙarafan, wannan ya ce kai, wancan ya ce tabɗi, ɗaya har da tsugunawa yana duba haƙoransa a jiki. Ɗana ya tsaya yana murmushi kamar shi ya ƙera su.

Mai shago ya gangaro da taya iri uku. Ta farko da na gani na ɗauka wasa yake. Faɗi gare ta kamar tabarma, amma daga inda ƙarfe zai zauna zuwa ƙasa ba ta fi yatsu uku ba. Awarwaro ce kawai ta roba. Ya durƙusa yana bin rubutun jikinta da yatsa.

"Oga, ka ga wannan harafin? Ma'anarsa duk gudun da ka yi ba za ta yi zafi ba. Ka taka har allura ta kwanta."

Na ce, "Gudun ina zai yi? Sata ya yi?"

'Yan benci suka kwashe da dariya. Mai shago ma ya dara, ya ci gaba.

"Ka ga zanen nan kuma? In ana ruwan sama shi yake watsar da ruwa gefe, mota ba ta santsi. In ka sha kwana kuwa, tana kama titi kamar ƙadangare a bango."

"Inda za mu," na ce, "ruwa sai an zura guga gaba ashirin. Titin da za ta kama kuma babu shi."

"Hajiya, ai zamani ne ya zo da su."

"Zamanin ya kwashe rairayin arewa ne ban ji ba?"

Na miƙa hannu aka matso mini da tayar. Malam ba ya duba fuskar taya in zai saya, gefenta yake dannawa da babban yatsa. Yakan ce taya ciki ce, wadda ba ta da ciki ba ta da haƙuri. Na danna wannan, kamar na danna ƙofar ƙarfe. Na yi musu bayani, tunda na ga babu wanda ya sani a cikinsu. Duk inda kwalta ta ƙare, Malam yakan tsaya ya fito, ya tsuguna da tsinken ashana, ya danna ɗan bakin da ake hura iska. Ba shi da ma'auni, carbinsa ne ma'auninsa: istigfari talatin da uku ga kowace taya. In ya gama, cikin tayar ya baje a ƙasa kamar tafin raƙumi, sai motar ta riƙa tafiya a bisa rairayi maimakon ta haƙa shi. In mun dawo bakin kwalta ya fito da famfon ƙafa ya mayar da iskar. Shekara ashirin, ban taɓa ganin an tura mu ba.

"To ku gaya mini," na ce, "wannan in an sace mata iska, me zai baje?"

Ɗaya daga 'yan benci ya ce, "Kai, Hajiya fa bakanikiya ce! Oga, ka buɗe mata gareji."

Suka sake dariya. Ɗana bai yi dariya ba, amma kunnuwansa sun nuna ya fi jin dariyarsu a kan maganata.

Taya ta biyu 'yar'uwar ta farko ce, sai dai zanenta ya karkace. A kan waɗannan biyun suka ɓata mini hantsi. Wannan ta fi laushi, wancan ta fi daɗewa, wannan ba ta ƙara a titi, wancan ƙasar da ta yi ta ta fi iya roba. Aka ciro waya aka duba, aka kira wani a Kano aka tambaya. Ina zaune ina kallon inuwar rumfa tana janyewa daga ƙafafuna. Ta ukun tana da ɗan ciki, ba kamar na Malam ba, amma da dama. Na nuna ta. Mai shago ya ce a kan rim mai girman nan za ta riƙa gugar jikin mota in an karya sitiyari. Ɗana ya ce ba ma wannan ba, za ta ɓoye kyan rim ɗin.

Kyan rim. Gwaggonsa tana can tana jan numfashi ɗaya ɗaya.

A nan ne idona ya kai can ƙuryar shagon, bayan tarin tsofaffin tayoyi. Ƙafafun Malam ne guda biyar a jingine, har da safaya. Na gane su da ɗigon jan fenti da yake sa wa kowace don kada mai faci ya musanya masa. Ashe ɗana ya kawo su nan an yi musaya. Ban san lokacin da hawaye ya zubo mini ba. Hannun Malam ya taɓa kowace ƙusa a jikin ƙarafan nan.

Na ce, "Ga su can. A mayar da su, kwana biyu kawai. In mun dawo ka sa farantanka, ka sa har da tukwane in kana so."

Mai shago ya ce ai wani mutumin Dapchi ya riga ya kama su, yau ko gobe zai aiko. Na ce mutumin Dapchi zai iya jiran kwana biyu, wadda nake son gani ce ba za ta iya ba. Ya dubi ɗana. Na tabbata da ɗana ya ɗaga kai sau ɗaya, da an gangaro da su. Sai ya sunkuyo kusa da kunnena.

"Inna, don Allah. Mutane suna kallo."

Na yi shiru. Wannan shirun nawa ne, ba na ɗora wa kowa. An raine mu a kan uwa ba ta tsinka ɗanta a kasuwa, balle ɗan fari. Na ja mayafina na rufe baki, ya zaɓi mai karkataccen zane, 'yan benci suka ce ai dama ita ce.

Mai facin da ke gefen shagon dattijo ne, Babade a ƙabila, daga Katuzu, ya san Malam. Shi aka ba ya ɗora tayoyin. Yana fama da su, don ba sa son shiga, sai ya ce da ni a hankali, "Hajiya, ina za ku da waɗannan?"

"Gaba da Kumagannam."

Ya ajiye ƙarfen hannunsa, ya dube ni, ya dubi ɗana.

"Alhaji, da dai..."

"Baba, yi aikinka, muna sauri."

Dattijon ya ɗauki ƙarfensa. "Allah Ya kiyaye hanya," ya ce.

Sauri. Bayan an ɗora sai da aka kai kowace kan wani inji yana juya ta ana manna mata dalma. Aka mayar gida a keke, aka ɗaura, aka sauke motar daga bulo, aka wanke ta, aka ɗauki hoto ta gaba, aka ɗauka ta gefe. Da motar tana kan ƙafafunta na dā, da kafin azahar ina zaune a ɗakin Yaya. Sai bayan azahar muka bar Gashua.

Ba zan yi ƙarya ba, a kan kwalta mai kyau tana tafiya shiru kamar ana jan ta da zare. Ɗana ya riƙa satar kallona.

"Inna, kin ji? Kamar jirgi."

"Ban taɓa hawa jirgi ba. Amma in haka yake faɗawa rami, na yafe."

Don duk ramin da muka taka, sai in ji shi tun daga ƙugu har ƙwaƙwalwa, kuma sai ya ja tsaki ya rage gudu, ba don ni ba, don kada ƙarfensa ya lotse. Tayar da aka saya don gudu, ga mu muna rarrafe muna kewaye ramuka, masu babura suna wuce mu suna waiwaye.

Muka wuce Kumagannam, kwalta ta ƙare, saura sawun motocin kasuwa a cikin rairayi. Na ce ya tsaya ya rage iska. Ya ce ba sai an yi ba, motar tana ja da ƙafa huɗu, da ƙarfi zai wuce. Tudu na farko ya wuce da ƙarfin. Na biyu ma, da ƙyar. A gindin na uku motar ta yi gurnani, ta watsa rairayi sama, ta zauna. Ya ƙara taka ta, ta ƙara nutsewa.

"Sauka ka sace iskar," na ce.

Wannan karon bai yi musu ba. Ba shi da ashana, ya karyo ƙayar aduwa. Na fito na tsaya a kansa da carbina, rairayi yana ƙona mini tafin ƙafa ta cikin silifa. Ya danna, na fara ja. Ban kai sha biyu ba ya ce, "Inna, tsaya." Ƙarfen ya riga ya sauka, ya kusa taɓa ƙasa, tayar kuwa ba ta baje ko da faɗin yatsa ba. Babu abin da zai baje. Ya yi wa sauran ukun kaɗan kaɗan, muka tone gaban ƙafafun da hannu, ni da shi, ya shiga ya tayar. Motar ta yunƙura, ya karya sitiyari don ya hau sawu, sai na ji fus. Tayar gaba ta zame daga kan ƙarfenta gaba ɗaya, ta kwanta a gefe kamar saɓar maciji.

Safaya tana Gashua, a ƙuryar shago, tana jiran mutumin Dapchi. Waya ba ta kamawa. Ba gida, ba bishiyar kirki, sai wata aduwa da inuwarta ba ta isa akuya ba.

Ya tsuguna a gaban ƙafar. Na ɗauka dabara yake nema. Da na matso sai na ga hankici ya ciro yana share rairayi daga jikin rim, yana duba ko ya karce.

Na juya masa baya. Na je gindin aduwar na yi taimama na yi la'asar, na zauna na yi kuka irin wanda ban yi ba tun ranar da aka fita da Malam. Na kira shi, na ce Malam ka ga abin da aka yi da motarka, ka ga inda aka ajiye ni.

Allah Ya kawo wani mutum da amalanken shanu, ya ɗebo ruwa a jarkoki zai koma wani ƙauye kusa da na su Yaya. Ya tsaya ya yi sallama, ya zagaya motar, ya sunkuya ya daɗe yana kallon tayoyin.

"Alhaji, waɗannan na keke ne aka ara?"

Ba da izgili ya tambaya ba, so yake ya sani. Da na gaya masa gidan da za ni, ya ce ya san tsohuwar, ya matsar da jarkoki ya shimfiɗa mini buhu. Ɗana ya ce zai tsaya da motar kada a taɓa ta. Na ce ya kyauta, kada ya bar ta ita kaɗai, ba ta da lafiya.

Shanu ba su san sauri ba. Suna tafe suna kaɗa jela, ruwa yana ƙugi a jarkoki, rana tana gangarowa. Mutumin ya yi iya yinsa, yana yi musu magana da yarensu yana taɓa su da sanda. Ni kuwa ina ta shirya maganar da zan faɗa. Zan durƙusa in kama ƙafarta in ce Yaya, bakina ya yi miki laifi, gajiya ce da tsoro, ba raini ba. Na maimaita ta ya fi sau ɗari, har na san inda zan tsaya in ja numfashi.

Rana ta yi ja muka hango rufin ɗakuna. Tun daga nesa na ga maza a zaune a kan tabarmi a ƙofar gidan, Bulama, mai garin, a tsakiyarsu, wasu samari biyu suna tahowa daga bayan gari da magirbi a kafaɗa, ƙasa har gwiwa. Babu wanda ya gaya mini komai. Mai amalanke ya cire hularsa ya mayar, ya ce, "Inna lillahi."

An riga an yi wa Yaya wanka, an sa ta a likkafani, ana jiran a fita da ita kafin duhu. 'Yarta ta riƙe ni muka shiga. Ta ce bayan la'asar ne, ba a daɗe ba. Na tambaye ta ko Yaya ta bar mini magana. Yarinyar nan ba ta iya ƙarya ba, ko irin wadda ake yi wa tsofaffi don a sanyaya musu rai. Ta ce tun safe tsohuwa take tambaya ko an ji ƙugin mota. Da azahar ta sha ruwa kaɗan, ta juya ta fuskanci bango, ta ce, "Zan ɗan kwanta. In ta zo ku tashe ni."

Na durƙusa na kama ƙafafun ta cikin farin ƙyalle. Da sauran ɗumi. Na faɗi maganata duka, yadda na shirya ta, ban bar ko kalma ba. Matan ɗakin suna kuka suna cewa ta yafe, ta yafe. Sannan maza suka yi sallama suka shigo da makara.

Washegari da hantsi shanu huɗu suka jawo motar har ƙofar gidan Bulama, yaran gari suna bin ta suna leƙa fuskokinsu a ƙarafan. Ɗana ya shigo inda nake zaune cikin mata, ya durƙusa, idanunsa sun kumbura.

"Inna, ki yafe mini."

Na ce na yafe, tun bai rufe baki ba. Ban ja masa rai ko na numfashi ɗaya ba. Ba wai don zuciyata ta huce ba ne, har yau in na ji ƙarar motar nan a ƙofar gida sai in ce a gaya masa ina barci. Amma ya tambaya ina da rai, ina da kunne, ina da baki, ban ga dalilin da zai sa ya tashi hannu wofi ba.

Malamin unguwarmu ya ce aikowar da ta yi ita ce yafiyar, wanda bai yafe ba ba ya kira. 'Yarta ma haka take cewa duk sanda muka yi waya. Wataƙila haka ne, sun fi ni sani. Amma ita cewa ta yi in zo mu yafi juna, wato akwai abin da ta tanada za ta faɗa, akwai wanda take jira ta ji. Nawa na faɗa wa ƙafafunta. Nata ban ji ba.